Ƙaramar kyamarar aljihu ta dawo da tsada: Wa ya kamata ya saya, wa ya kamata ya haƙura?

A shekarar 2010, kamfanonin ƙera kyamara, waɗanda akasarinsu na Japan ne, sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. Fiye da miliyan 108 daga cikinsu ƙanana ne, irin waɗanda ake jefawa a aljihu ko a jakar hannu.

Zuwa 2023, adadin waɗannan ƙananan ya faɗo zuwa kusan miliyan 1.7, kamar yadda alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara da ke birnin Tokyo, suka nuna. Wato cikin shekara 13 kasuwar ta yi asarar sama da kashi 98 cikin 100.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a 2024 adadin ya ɗaga zuwa kusan miliyan 1.9, manyan kantuna a Japan da Turai da Amurka suka riƙa rasa kayan sayarwa, har ta kai ana sayar da kyamarar da aka yi amfani da ita a kan kuɗin da ya fi na sabuwarta.

Wannan guguwa tana isowa wayoyin matasanmu ta TikTok da Instagram, kuma tuni wasu suka fara tambayar wacce za su saya. Sai dai abin da ya ɗaga farashin yayi ne da ƙarancin kaya. Don haka ma'auni ɗaya ne zai ceci kuɗin mai saye: kada ya sayi kyamarar da wayar aljihunsa ta fi ta iya aiki.

Yadda waya ta cinye kasuwar

Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya marar kala a kan kaset.

A 1995 kamfanin Casio ya fitar da QV-10, wadda ta zo da ɗan allo a bayanta da mutum zai ga hoton da ya ɗauka nan take. A 2000 kuma Canon ya fitar da Digital IXUS, kusan girman kwalin sigari. Daga nan kyamara ta koma kayan aljihu, ta cika wuraren biki da suna da bikin yaye ɗalibai a ko'ina, har da garuruwanmu.

Shekarar da kasuwar ta kai ƙololuwa, wato 2010, ita ce shekarar da aka ƙaddamar da Instagram, shekara uku bayan fitowar iPhone ta farko. A wancan lokaci hoton waya bai kai na kyamara kyau ba. Amma waya tana tare da mutum dare da rana, kuma yana ɗaukar hoto zai tura shi. Mai kyamara kuwa sai ya koma gida ya nemi kwamfuta da igiyar haɗawa.

Sauƙi ya rinjayi inganci. Kodak ya shigar da takardun karayar arziƙi a watan Janairun 2012. Samsung ya janye daga ƙera kyamara ya mayar da hankali kan waya. Casio ya fita daga kasuwar a 2018, Olympus kuma ya sayar da sashensa na kyamara, cinikin da aka kammala a farkon 2021. A 2022 jaridar Nikkei ta Japan ta ruwaito cewa kamfanoni irin su Panasonic da Nikon sun daina ƙirƙiro sababbin ƙananan kyamarori masu araha.

A gefe guda kuma, a 2024 kaɗai an fitar da wayoyin zamani sama da biliyan 1.2 a duniya, kowacce da kyamara aƙalla biyu a jikinta.

Me ya dawo da ita?

Ba masu sana'ar hoto ne suka dawo da ƙaramar kyamara ba. Matasa ne, waɗanda da yawansu ba su ma yi wayo ba a lokacin da take tashe.

A ƙarshen 2022, bidiyoyin TikTok suka ɗaga kyamarar Fujifilm X100V har kamfanin ya kasa biyan buƙatar masu oda. Haka ta faru da Canon PowerShot G7 X Mark III, wadda ta fito tun 2019. Daga nan aka koma tonon akwatunan iyaye ana fito da tsofaffin Sony da Canon da Nikon na shekarun 2000.

Dalili na farko shi ne gajiya da hoton waya. Idan aka danna maɓallin ɗaukar hoto a wayar zamani, hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, manhaja ta haɗa su, ta haskaka inuwa, ta goge fata, ta ƙara wa sararin sama shuɗi. Hoton yana fitowa tas, amma na kowa kamarsu ɗaya.

Wani lokacin ma gyaran yana wuce gona da iri. A watan Maris na 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan wani mai amfani da shafin Reddit ya nuna yadda wayar Samsung ta ƙara wa wani dusashshen hoton wata zane-zanen da babu su a cikinsa. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, hoto mai ɗan aibi ya fara zama shaidar cewa da gaske aka ɗauke shi.

Dalili na biyu shi ne filash. Hasken da ƙaramar kyamara ke watsawa da daddare yana fito da fuska ɓaro-ɓaro, bayanta kuma ya yi duhu, irin hotunan biki na da. Wannan kamannin ne matasan ke bi.

Na uku kuwa, kyamara ba ta ƙara, ba ta karɓar saƙo. Mai ita zai ɗauki hoto ya ci gaba da hirarsa, ba tare da ya faɗa WhatsApp ba.

Me ya sa take tsada haka?

Buƙata ta dawo, amma ta tarar an rufe layukan ƙira a masana'antu, masu samar da sassa kuma sun koma wasu sana'o'in. Ba a buɗe irin waɗannan layuka a kwana ɗaya, kuma kamfanonin da suka taɓa ƙonewa ba sa son zuba kuɗi a kan yayin da zai iya wucewa gobe.

Sakamakon haka, G7 X Mark III da aka fara sayarwa dala 749 ta riƙa haura dala 1,000 a hannun 'yan kayi-nayi. Fujifilm X100VI da ta fito a Fabrairun 2024 a kan dala 1,599 ta yi ƙarancin da sai da wasu kantuna a Japan suka koma jefa ƙuri'a kafin mutum ya samu damar saye.

Abin da wasu kamfanoni suka yi shi ne kakkaɓe tsohon kaya su sake masa suna. Panasonic Lumix TZ99 da ta shiga kasuwa a farkon 2025 kusan ita ce TZ95 ta 2019, sai dai an sa mata ramin caji na USB-C, an kuma cire ɗan tagar leƙawa da ake kara ido. Sauyin ramin cajin ya zo daidai da dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 28 ga Disamban 2024, wadda ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyi da kyamarori.

Canon ma a 2025 ya dawo da IXUS 285 HS, ƙirar 2016, ya ƙara harafin A a sunanta, da farashin da ya fi na farkon fitowarta nesa ba kusa ba. A shekarar ce kuma sababbin harajin shigo da kaya na gwamnatin Donald Trump suka sa Canon da Nikon da Sony da Fujifilm suka ƙara farashi a Amurka, ƙasar da kayan hannu da yawa ke fitowa zuwa kasuwanninmu.

Ga mai saye a Najeriya, akwai ƙarin nauyi. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin hukuma na dala bai kai naira 500 ba. A 2024 ya haura 1,500. Idan aka yi lissafi a kan 1,500, kyamarar dala 500 ta zama naira 750,000 tun kafin a sa kuɗin dako da na fito da ribar ɗan kasuwa. Wannan ya fi albashin wata goma na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Kuskuren da matashi a Tokyo zai yi ya manta cikin mako guda, a Kano ko Kaduna jarin wani ne.

Yawan megafiksel ba shi ne inganci ba

Abu na farko da mai kanti zai faɗa muku shi ne yawan megafiksel. Shi ne kuma abin da ya fi ƙarancin muhimmanci.

Hoton da za a wanke a kan takarda mai girman A4, da cikakken inganci, bai buƙatar ko megafiksel 9. Wanda za a ɗora a WhatsApp ko Instagram kuwa, manhajar da kanta za ta matse shi ya koma ƙasa da haka sosai. Duk kyamarar da ta kai megafiksel 12 ta wadatar.

Abin dubawa shi ne sensa, wato ɗan farantin da ke can ciki, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Aikinta kamar tarar ruwan sama ne: baho ya fi kofi tarawa. Idan sensa ƙarama ce aka cusa mata megafiksel masu yawa, ya zama kamar ƙaramar gona da aka raba wa magada hamsin. Kowa ya samu, amma ba mai abin kirki.

Girma uku ne aka fi samu a kyamarorin aljihu. Akwai wadda ake rubuta wa 1/2.3, mai faɗin kusan milimita 6.2 da tsayin 4.6, kuma ita ce a cikin yawancin masu araha. Akwai wadda ake kira inci ɗaya, mai milimita 13.2 da 8.8, wadda ta ninka ta farko sau huɗu. Sai APS-C, mai kusan milimita 23.5 da 15.6, wadda ta ninka ta farko kimanin sau 13.

A nan ne gizo ke saƙa. Wayoyi da dama masu matsakaicin farashi a yau, babbar kyamararsu tana da sensar da ta kai ko ta fi 1/2.3 girma, ga kuma manhajar gyara. Tun 2022 ma Xiaomi ya sa sensar inci ɗaya a wayarsa ta 12S Ultra. Ma'ana, kyamara mai araha mai ƙaramar sensa ba lalle ta fi wayarku ba, musamman a cikin ɗaki ko bayan magariba.

Abubuwa huɗu da kyamara ta fi waya

Na farko shi ne zuƙo abin da ke nesa. A yawancin wayoyi, idan aka ja allo da yatsu biyu, yanka hoton kawai ake yi a faɗaɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Wayoyi masu tsada ne kaɗai ke da gilashi na musamman da ke zuƙowa sau uku ko sau biyar. A kyamara kuwa gilashin gaba, wanda masu hoto ke kira lens, shi ne ke motsawa da kansa ya jawo abin kusa.

Lumix TZ99 tana zuƙowa sau 30, kuma farashinta na farko ya kai kimanin dala 500. Ga wanda ke son ɗaukar mahayi daga cikin cincirindon Hawan Daushe, ko ɗansa a kan dandamali ranar yaye ɗalibai, ko ɗan wasa a tsakiyar fili, babu wayar da za ta yi masa wannan. Sharaɗin shi ne rana ta fito, domin sensarta ƙarama ce.

Na biyu shi ne aiki a wuri mai ƙarancin haske, da kuma fito da mutum a dusar da bayansa ba tare da dabarar manhaja ba. Wannan aikin babbar sensa ne da gilashi mai faɗin ƙofa. Ana rubuta faɗin ƙofar da harafin f, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/1.8 tana shigar da hasken da ya kusa ninka na f/3.5 sau huɗu.

Sony ne ya buɗe wannan fage da RX100 a 2012, kuma ya fitar da jerinta har zuwa ta bakwai a 2019. Canon G7 X Mark II da Mark III ma suna wannan aji, da sensar inci ɗaya da ƙofar f/1.8. Ga mai son kyamara ɗaya ta yau da kullum, ta gida da tafiya da taron dangi, wannan ajin ne ya fi dacewa. Kuma tsofaffin RX100, kamar ta uku da ta fito a 2014, har yanzu suna aiki mai kyau. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Sama da su akwai Ricoh GR III ta 2019 da GR IV ta 2025, masu sensar APS-C a jikin da ke shiga aljihun riga. Amma ba sa zuƙowa ko kaɗan, ba su da filash a jikinsu, kuma GR IV ta fito a kan kusan dala 1,500. Ta masu ɗaukar hoton titi ce da suka san abin da suke nema. Ita kuwa X100VI da ake ta yayi, nauyinta ya haura rabin kilo. Ko aljihun babbar riga sai ta ja shi ƙasa.

Na uku shi ne filash na gaske. Abin da ke bayan waya ƙaramin ƙwan tocila ne. Na kyamara kuwa walƙiya ce mai ƙarfi da ke tashi ta ɗauke cikin ƙanƙanin lokaci, shi ya sa take iya tsayar da motsin mai rawa a wajen kamu ko dina. Sai dai ƙarfinsa bai wuce 'yan mitoci ba, don haka ba zai haska babban ɗakin taro ba.

Na huɗu shi ne juriya. OM System Tough TG-7 da ta fito a 2023 an ƙera ta ne ta shiga ruwa har zurfin mita 15, ta jure faɗuwa daga tsayin mita 2.1, kuma ƙura ba ta shigarta. Ga injiniyan gini, da malamin gona, da ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka yana tattara hujjar aiki, wannan ta fi kowacce amfani, duk da cewa hotonta bai fi na waya mai kyau ba.

Akwai kuma wani amfani da ba a rubuta shi a kwali. Waya a yau ita ce banki, ita ce ofis. A garuruwan da ake fama da ƙwacen waya, ɗaga ta sama a cikin taro kasada ce. Idan kyamara ta ɓata, kuɗinta da hotunan ciki ne suka tafi. Asusun banki yana nan.

Waɗanda ya kamata su riƙe kuɗinsu

Idan duk hotunan da mutum ke ɗauka a sitatus na WhatsApp suke ƙarewa, kuma da rana yake ɗaukar su daga kusa, kyamara ba za ta ƙara masa komai ba sai ɗawainiyar tura hoto zuwa waya.

Haka mai sayar da atamfa ko leshi ko turare ta intanet. Abin da ke ɓata mata hoto yawanci haske ne, ba waya ba. Shimfiɗa kayan kusa da taga da hantsi, ko sayen fitilar ɗaukar hoto da ɗan abin kafa waya, zai gyara kalar kayan da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kyamara ba.

Akwai kyamarori masu araha na gaskiya, irin Kodak PixPro FZ55, wadda ke cikin waɗanda aka fi saye a Japan a 'yan shekarun nan. Wani kamfani ne mai suna JK Imaging ke fitar da ita da izinin amfani da sunan Kodak. Tana da megafiksel 16, tana zuƙowa sau biyar, tana da filash. Don nishaɗi ko koya wa yaro ɗaukar hoto, ba ta da laifi. Amma wanda ya saye ta da tunanin za ta fi wayarsa ta naira 300,000 zai yi da-na-sani.

Tarko biyu a kasuwa

Tarko na farko shi ne kyamarori marasa suna da suka cika shafukan cinikin intanet, da manyan rubuce-rubuce kamar megafiksel 48 ko 64 da bidiyon 4K, a kan kuɗi kaɗan. Yawancinsu ƙaramar sensa ce ƙwarai, manhaja ke kumbura hoton ya kai lambar da aka rubuta. Alamarsu ita ce gilashin ba ya motsi idan ana zuƙowa. Araha ba ta ado.

Tarko na biyu shi ne tsofaffin kyamarorin shekarun 2000 da yayi ya ɗaga wa farashi. Da yawansu ba sa karɓar katin memori na yanzu. Tsofaffin Sony da dama Memory Stick suke ci, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma katin xD, kuma dukansu sun yi wuyar samu. Har masu cin katin SD ma, waɗanda aka ƙera kafin 2006 galibi ba sa karanta katin da ya wuce gigabait 2.

Batirinsu kuma ya tsufa, na asali an daina yi, kuma idan injin da ke tura gilashi ya tsaya, samun mai gyara da kayan gyara abu ne mai wuya ko a Legas.

Ƙura, zafi da wutar lantarki

Yawancin sharhin kyamara da ake gani a YouTube a ƙasashe masu sanyi da tsayayyiyar wuta ake yin sa. Yanayinmu daban ne.

Gilashin da ke fitowa ya koma duk lokacin da aka kunna kyamara yana shaƙar iska kamar zuga-zugi. A lokacin hunturu, ƙurar da ya shaƙa tana iya sauka a kan sensa ta zama baƙin ɗigo a kowane hoto, kuma da yake gilashin ba ya cirewa, sai an kwance kyamarar gaba ɗaya kafin a goge. Ƙaramar jaka mai zif ta fi aljihun wando, inda zare da ƙura ke taruwa. Barin kyamara a cikin motar da aka rufe a rana kuma yana kashe batir.

Batiran nasu ma ƙanana ne. A ma'aunin CIPA, Ricoh GR III hoto 200 take ɗauka a caji ɗaya, G7 X Mark III kimanin 235, RX100 ta bakwai kuma 260. A inda wuta ba ta da tabbas, gara a zaɓi wadda ake iya yi wa caji ta USB daga fawa-bank, a kuma sayi batir na biyu tun ranar farko.

Sai hanyar kai hoto waya. Sababbi suna da Wi-Fi ko Bluetooth, amma hanya mafi sauri da tabbas ita ce ɗan abin karanta katin memori da ake soka wa waya kai tsaye, kuma ba shi da tsada.

Batun launin fata

Akwai abin da yayin TikTok ba ya faɗa. Shekaru da dama, masana'antar hoto da farar fata take auna kala. Katin gwajin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto tun shekarun 1950, wanda aka fi sani da katin Shirley, hoton farar mace ne a jikinsa.

Wayoyi ne suka fi mayar da hankali wajen gyara wannan. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka, ya yi suna ne da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata. Google ma ya fito da irin wannan tsari a wayar Pixel 6 a 2021.

Tsohuwar kyamarar 2005 ba ta san wannan ba. Idan mutum baƙi ya sa farar shadda, sai ta auna hasken rigar, fuskar ta nutse a duhu. Maganinsa shi ne maɓallin ƙara haske, mai alamar tarawa da ɗebewa, ko kunna filash ko da rana ce. Kyamarar da ba ta ba da damar yin wannan cikin sauƙi ba, ba ta dace da mu ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Ga wanda zai sayi ta hannu, ko a Kano ne ko Abuja ko Computer Village ta Ikeja, minti goma na gwaji sun isa.

A kunna a kashe sau da yawa, a saurari gilashin. Idan yana kakare ko yana ƙara, a bar ta. A haska tocilar waya cikin gilashin a duba ƙura, ko wani abu mai kama da yanar gizo-gizo, wanda alamar fumfuna ce.

A zuƙo har ƙarshe a ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan a buɗe hoton a faɗaɗa. Ɗigon da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa.

A gwada filash sau uku a jere, a ga ko batir zai jure. A buɗe mazaunin batir a duba tsatsa ko kumburi. A tabbatar akwai caja, kuma katin memorinta ana samun sa a gari.

Idan ta intanet ne, kada a tura kuɗi sai an ga bidiyon kyamarar tana aiki, kuma an yi yarjejeniyar mayarwa idan ta zo da matsala.

Ina kasuwar ta dosa?

Alamu na nuna kamfanonin sun fara amsa kira. Canon ya sanar da ƙara yawan ƙananan kyamarorin da yake ƙerawa, ya kuma fitar da sabuwar PowerShot V1 a 2025 don masu bidiyo. Ricoh da Fujifilm da Panasonic duk sun fitar da sababbi. Idan kaya suka wadata, 'yan kayi-nayi ne za su fara sauke farashi, kuma idan yayin ya lafa, waɗanda suka saya don ado za su fito da nasu kasuwar hannu.

Amma ba a sa ran komawa zamanin miliyan 100 a shekara. Ƙaramar kyamara ta tashi daga kayan kowa ta koma kayan mai buƙata ta musamman, kuma kamfanonin sun gane cewa sayar da kaɗan masu tsada ya fi musu riba.

Don haka wanda ba shi da gaggawa, haƙuri zai yi masa rana. Wanda kuma ya ƙudura sai ya saya, ya tafi kantin da wayarsa a hannu. Ya ɗauki fuskar mutum ɗaya a cikin kantin da waya da kuma kyamarar, ya fito waje ya zuƙo allon wani shago daga nesa da su biyun, sannan ya tura hotunan wuri ɗaya ya kwatanta. Idan bai ga bambancin da ya kai kuɗin da ake nema ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu.